Amsoshin Tambayoyinku: Ina Bambancin “Say” da “Tell”, Kuma Me Ya Kai “Tell” Banki?

TAMBAYA:  Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a sakandare, ina shirin rubuta jarrabawar WAEC. Malaminmu na Turanci ya ja mini jan biro a wuri biyu cikin insha'in da na rubuta. Na farko inda na ce “She said me the news”, na biyu inda na ce “He told that he was sick”. Ni kuwa a iya sanina “say” da “tell” duk faɗa suke nufi. To ina laifina? Sannan na ji ana kiran mai karɓar kuɗi a banki “teller”, alhali ba labari yake bayarwa ba. Kalma ɗaya ce da “tell”, ko kama kawai suka yi? Daga wata ɗaliba a Funtuwa, Jihar Katsina.

AMSA:  Allah ya yi miki albarka, ya ba ku sa'ar jarrabawa ke da 'yan ajinku baki ɗaya. Na ji daɗin wasiƙar nan, musamman da kika kawo jimlolin yadda kika rubuta su, domin gyara ya fi sauƙi idan ana ganin abin da za a gyara. Abu biyu kike son sani: dalilin da ya hana “say” da “tell” musayar wuri duk da kusancin ma'anarsu, da kuma abin da ya haɗa kalmar magana da aikin ƙirga kuɗi.

Da farko dai, da kika ce duk faɗa suke nufi, kin yi gaskiya. Ba a ma'ana matsalar take ba. Tana wurin abin da kowace kalma take so ya biyo bayanta a cikin jimla. Kuma wannan doka kin daɗe da saninta, tun kafin a sa ki makaranta, domin Hausa ma haka take yi.

Dubi “ce” da “gaya”. Idan na ce miki, “Audu ya ce ruwa ya ɗauke,” magana ta cika, ba ki jiran komai. Amma in na ce, “Audu ya gaya ruwa ya ɗauke,” kunnenki ba zai karɓa ba. Nan take za ki tambaye ni: ya gaya wa wa? Sai na ce “ya gaya mini”, ko “ya gaya wa Inna”, sannan hankalinki zai kwanta. Wato “ce” hankalinta yana kan maganar da ta fito daga baki, ita kuwa “gaya” hankalinta yana kan wanda maganar ta je wa. To “say” ita ce “ce”, “tell” kuma ita ce “gaya”. Ki ɗauki “tell” kamar ɗan aike: ba ya ɗaga ƙafa sai an faɗa masa gidan da zai kai saƙo.

Yanzu mu koma kan jimlolinki. A “He told that he was sick” kin aiki “told” ba ki ambaci wanda aka gaya wa ba. Gyara biyu ne a gabanki. Ko dai ki sa mutumin, ki ce “He told me that he was sick” ko “He told the teacher that he was sick”, ko kuma, idan ba ruwanki da wanda ya ji, ki canza kalmar ki ce “He said that he was sick”. A ɗaya jimlar kuma akasin haka ne ya faru. Kin manna wa “said” mutum kai tsaye, ita kuwa ba ta ɗaukar mutum haka. Daidai shi ne “She told me the news”.

Na san inda “said me” ta samo asali, kuma ba sakaci ne ya kawo ta ba. Mu Hausawa muna cewa “ta ce mini”, “ya ce masa”, sai hannu ya bi abin da baki ya saba. Turanci ma yana da hanyar faɗin haka, sai dai dole a sa “to” a tsakani: “She said to me”, “He said to his father”. Ita kuma “tell” ba ta son wannan “to” ɗin a gaban mutumin da ke biye da ita. Nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa ta ɗaya gefen, su rubuta “I told to him”, domin “wa” ɗin da ke cikin “gaya wa” tana jan su su nemo mata takwara. A'a, “I told him” kawai ake cewa. Wuri ɗaya ne za ki ga “to” a gaban mutum tare da “tell” kuma daidai ne, wato idan abin da aka faɗa ya riga mutumin zuwa, kamar “She told the story to the whole class”. Amma muddin mutum ne ya zo dab da “tell”, babu abin da ke shiga tsakaninsu.

Daga nan sai umarni, kuma shi ne ya fi fitowa a sashen da ake ba ku maganar wani a ce ku maimaita ta da bakinku. Idan Baba ya ce miki “Rufe ƙofa,” za ki ba da labari ki ce “Baba ya ce in rufe ƙofa.” A Turanci “tell” ce ta fi dacewa da wannan aiki, kuma tsarinsa ɗaya ne ba ya canzawa: “tell”, sai mutum, sai “to”, sai aikin. “Father told me to shut the door.” In hani ne, sai “not” ta shigo kafin “to”: “Father told me not to go out”, wato Baba ya ce kada in fita. Ki lura wannan “to” ba ta mutum ba ce, ta aikin ce, shi ya sa take zuwa bayan “me”. Za ki ji mutane suna cewa “He told me don't go”, kuma a hira kowa zai gane, amma mai duba takardar jarrabawa zai soke ta.

Akwai wuraren da “say” ce kaɗai ke shiga. Gaisuwa, godiya, ban haƙuri, ban kwana, addu'a, duk nata ne: “say hello”, “say thank you”, “say sorry”, “say goodbye”, “say a prayer”. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya gaishe ki ba wani labari ya kawo miki ba, kalmomi ne ya furta. “Tell” tana son a sami abin da ya tashi daga wani ya isa ga wani, ko labari ko umarni. Haka nan tambaya ba ta “tell” ba ce, ta “ask” ce. Ba a cewa “He told me where was I going”, sai dai “He asked me where I was going”.

Zan so ki ɗan tsaya a kan wasu 'yan kalmomi da suka fita daga dokar da na shimfiɗa miki, don kada gobe ki gan su ki ce Malam ya ruɗa ki. Akwai maganganu da aka saba faɗa da “tell” ko da ba a ambaci mai sauraro ba: “tell the truth”, faɗin gaskiya, “tell a lie”, yin ƙarya, “tell a story”, ba da labari ko yin tatsuniya, “tell a joke”, ba da labarin ban dariya. Waɗannan haddace su ake yi. A Najeriya za ki sha jin “say the truth”, har a bakin masu ilimi, amma a Turancin da ake auna ku da shi “tell the truth” ake nema. Hausa ma ai tana da irin wannan zaɓi da ba a tambayar dalilinsa. Muna “faɗin” gaskiya amma “yin” ƙarya muke yi, kuma labari “bayar” da shi ake yi. Baƙon da ke koyon Hausa haka zai haddace su ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu da zai yi miki amfani a rubutun wasiƙa da na rahoto shi ne yadda ake ɓoye mai magana. Mu da “an” muke yin wannan: an gaya mini, an ce. Turanci juya jimlar yake yi. “An gaya mini an ɗage jarrabawa” ita ce “I was told that the examination had been postponed”. “An ce”, ko “wai” ɗin nan tamu da ke nuna ji kawai aka yi, ita ce “It is said that”. Ba a cewa “I was said” da nufin an gaya mini. Kin ga ko a nan halin kowace bai canza ba: “told” na tare da mutum, “said” na tare da magana.

Kafin mu shiga banki, ga ɗan gyaran baki. “Said” ana furta ta kamar “sed”, “says” kuma kamar “sez”, ba a jan su yadda ake jan “say”. Kuma shuɗaɗɗen lokacin “tell”, wato siffarta idan aikin ya riga ya wuce, “told” ne, kamar yadda “sell” ke komawa “sold”. Babu “telled”.

To, ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce ta fi burge ni. Kalma ɗaya ce, 'yata, ba kama ba ce. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kalmar “tellan” ce, kuma tana nufin ƙirgawa, tana kuma nufin ba da labari. Ma'anonin biyu tare suka taso. Bayan da Normandawa suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin Turanci. “Count” na cikin waɗanda suka shigo ta wannan hanya, kuma sannu a hankali ta karɓe aikin ƙirga, ta bar wa “tell” aikin magana. Amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu gaba ɗaya ba, ta maƙale a wasu wurare. “Teller” na banki mai ƙirga ne, sunansa ya yi daidai da aikinsa. Na'urar cire kuɗi da kowa ke kira ATM ma, harafin T da ke tsakiya “teller” ne, wato na'ura ce da ke yin aikin mai ƙirga kuɗi da kanta. Bankin Barclays ya kafa irinta a unguwar Enfield da ke arewacin Landan a 1967, kuma ita ake yawan ambata a matsayin ta farko.

Ba a banki kaɗai ba. A majalisar wakilan Birtaniya, idan za a kaɗa ƙuri'a, 'yan majalisa tashi suke yi su bi ta ɗaya daga cikin zauruka biyu, na masu goyon baya da na masu adawa. Akwai 'yan majalisa huɗu da ake naɗawa su ƙirga su, biyu daga kowane ɓangare, sannan su jeru gaban shugaban majalisa a sanar da sakamako. Sunansu “tellers”. Haka kuma idan kika ga “all told” a littafi, kamar “There were forty of us all told”, ba ana nufin an gaya wa kowa ba. Nufi shi ne mu 40 ne idan aka haɗa duka. “Untold wealth” dukiya ce da ba ta ƙirguwa. A tsofaffin littattafai ma za ki iya cin karo da “telling his beads”, wato mutum yana jan carbi, yana ƙirga 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

Kina iya tambaya, me ya haɗa ƙirga da labari tun farko? Wanda ke ƙirga yana jero abubuwa ne bi da bi, kowanne a wurinsa. Mai ba da labari ma abin da yake yi ke nan, yana jero abin da ya faru, wannan ya biyo wancan. Kuma ba Turawan Ingila kaɗai suka ga haka ba. A Jamusanci “zählen” ƙirgawa ne, “erzählen” ba da labari. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun san “compter”, ƙirgawa, da “conter”, ba da labari, waɗanda furucinsu ɗaya ne, kuma duka biyun daga kalmar Latin “computare” suka fito, wadda ita ce kuma ta haifi sunan kwamfuta. “Account” ta Turanci asusun banki ce, kuma bayanin yadda abu ya faru ce. Mu ma idan uwa ta ce wa ɗanta, “Lissafo mini abin da ya ce maka,” ba alƙaluma take nema ba.

Sai dai ki kula da wani abu guda. A Najeriya mun ƙara wa “teller” wata ma'ana, muna kiran takardar da ake cikewa a zuba kuɗi a banki da wannan suna, har makaranta ta ce a kawo “teller” shaidar an biya kuɗin zango. Wannan Turancin Najeriya ne, kuma ba abin kunya ba ne, kowace ƙasa da ke amfani da Turanci tana da irin nata. Amma a Ingila “paying-in slip” suke cewa, a Amurka “deposit slip”. Idan kika ce wa mutumin can kin ajiye “teller” a jakarki, ba zai gane ba, domin a wurinsa “teller” mutum ne.

Akwai ma'ana ta uku da ɗalibai ba su cika lura da ita ba, kuma tana yawan zuwa a sashen karanta labari a amsa tambayoyi. “Tell” tana nufin ganewa ko bambancewa, musamman idan “can” ko “can't” ta riga ta. “I can't tell Hassan from Hussaini” na nufin ba na iya bambance Hassan da Hussaini. “I can tell from his speech that he is from Sokoto” na nufin daga jin maganarsa na gane Basakkwace ne. Babu wanda aka gaya wa komai a nan, a zuci abin ya tsaya. “Tell the difference” gane bambanci ne, “tell the time” iya duba agogo ne. Yaron da aka ce “he can tell the time” ya san ƙarfe nawa idan ya kalli agogo, ko da bai buɗe baki ba. Daga nan ne “You never can tell” ta fito, wato ba a sanin gaibu, da “Time will tell”, wadda mu za mu ce lokaci ne zai nuna.

Sauran kuma 'yan ƙananan kalmomi ne da ke manne wa “tell” su canza ma'anarta. “Tell off” faɗa ne irin na tsawatarwa: “The principal told us off” na nufin shugaban makaranta ya yi mana faɗa. “Tell on” fuska biyu gare ta. Idan yaro ya ce wa ƙanensa “Don't tell on me”, roƙonsa yake kada ya kai ƙararsa. Idan kuwa aka ce “The fasting is telling on him”, ana nufin azumi ya fara nunawa a jikinsa. “Tell about” ba ta da wahala, sai dai kada ki manta da mutumin: “Tell me about your town”, ba ni labarin garinku. Amma ga wata da ke ruɗa mutane a fina-finai. Idan kika yi kukan zafin rana Bature ya ce “Tell me about it!”, ba ƙarin bayani yake nema ba. Abin da yake nufi shi ne, ai ni ma ina ji a jikina. Wannan ta hira ce, kada ki kai ta cikin insha'i.

Ba ki tambayi “speak” da “talk” ba, amma tunda gida ɗaya suke, bari in taɓa su a gurguje. Su biyun a kan yin maganar suke, ba a kan abin da aka faɗa ba, shi ya sa ba a cewa “He spoke that he was sick”. “Talk” ta fi kusa da hira, “speak” ta fi kusa da jawabi ko magana ta girmamawa, kuma ita ce ta harshe: “She speaks Fulfulde”. Mu “jin” harshe muke yi, shi ya sa ake yawan jin “I hear Hausa” a ƙasar nan, amma a takarda “speak” ko “understand” za ki rubuta.

Ba na so ki dogara da ni kaɗai, domin kalmomi irin waɗannan suna da yawa, kuma ba kullum za ki sami wanda za ki tambaya ba. Idan akwai ƙamusun Oxford Advanced Learner's Dictionary a laburaren makarantarku, wanda A. S. Hornby ya fara tsarawa musamman don masu koyon Turanci a matsayin baƙon harshe, ki buɗe “tell” ki duba. Kada ki tsaya a ma'ana kawai. Za ki ga an rubuta abubuwa kamar “tell somebody something” da “tell somebody to do something” da baƙin rubutu. Waɗannan su ne ƙirar jimlar, su ne ke nuna miki abin da kalma take so ya biyo ta, kuma yawancin ɗalibai tsallake su suke yi. Ki duba “say” ki ga an rubuta “say something to somebody”. Akwai kuma ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, yana da misalai masu kyau na yadda ma'anoni daban-daban na kalma ɗaya ke fitowa a Hausa.

Ga aikin da nake so ki yi a makon nan. Ki ɗauko jaridar Turanci, kowace ce, ki zaɓi labari ɗaya na shafin farko, ki ja layi a ƙarƙashin kowace “said” da kowace “told”, ki dubi kalmar da ta biyo bayanta. 'Yan jarida ba su da kalmomin da suka fi waɗannan biyun amfani a wurinsu, don haka ba za ki rasa misalai ba. Za ki ga “told reporters”, “told the court”, “told journalists in Abuja”, kowace da mai sauraronta. Sannan ki ɗauki jimla biyar daga ciki ki juya su, ta “said” ta koma “told”, ta “told” ta koma “said”, ki kai wa malaminku ya duba miki.